Ƙofar Pak Cik Darus

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban taro kuma shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta wannan yanki, Tuan Haji Mokhtar. Limaminmu da dattawan ƙauyukan da ke shan ruwa daga wannan magudana. Shugaban kamfaninmu, wanda ya taso daga Penang da takalmin da ban ga alamar zai taka gona ba. Iyayenmu mata da suka wuni a kan tukwanen laksa, taliyar nan mai romo. Manoma maza da mata. Abokan aikina: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Zaiton binti Hamzah, ni ce shugabar sashen gwaji a kamfanin da ya ɗora muku na'urori a kan ƙofofin ruwa. Na gode da kuka ba ni kujera, na gode da kuka ba ni abinci, na kuma fi gode wa haƙurin da ya hana ku jefa ni cikin magudana tun daga bakin titi. Kun taru yau ne ku yanke shawara guda: a bar na'urorinmu su ci gaba da buɗe muku ruwa suna rufewa, ko a ciccire su a koma murɗa ƙarfe da hannu. Ba roƙo ya kawo ni ba. Na zo ne in faɗi abin da na sani, kuma yau, ba kamar bara ba, zuciyata a sanyaye take.

Na farko, abin da ya faru. Bara, ana gama yafa iri, kamfani ya aiko wa ƙofofin sabon shiri, wato umarnin da na'ura ke bi, ta iska. Na'urorin suna tsakiyar karɓa hadari ya taso, wuta ta ɗauke. Wuta ta dawo, na'ura ba ta dawo ba. Ƙofar da ke ba gonar baffanmu Pak Cik Darus ruwa ta ƙame a buɗe, ruwa ya shanye irinsa ya ruɓe, dodon koɗi ya cinye abin da ya rage. Pak Cik ya kwance na'urar da kansa, ya sa ta a buhu, ya hau bas har Penang, ya dire ta a kan teburina.

Ya ce, "Ke ce mai gwajin?"

Na ce, "Ni ce, Pak Cik."

Ya ce, "To da me kike gwadawa, 'yar nan, da ido? Ɓaunar da na sayar ta fi abin nan hankali. Ko tsawa ta firgita ta, da safe tana gane hanyar gona."

Na biyu, dalilin da ya sa ya faru. A cikin kowace na'ura akwai wani ɗan ƙaramin shiri da ke fara farkawa idan wuta ta zo, kamar uwar da ke riga kowa tashi ta hura wuta sannan ta tada gida. Muna kiransa mai tayarwa. Idan ya ruɗe, babu wanda zai tashi. Kuma ba a kan na'urar ƙarfe muke yawan gwada shi ba, domin gwaji yana kashe na'ura. Muna gina kwaikwayonta ne a cikin kwamfuta, da ma'ajiyarta da agogonta da komai, mu kunna, mu kashe, mu sake kunnawa.

To masu sana'armu suna da wata al'ada da suke alfahari da ita: tsabta. Da an gama gwaji ɗaya, sai a share na'urar kwaikwayon tas, gwaji na gaba ya same ta sabuwa fil kamar yau ta fito daga kwali. Ta haka, jama'a, aka yi ta gwada farkawa ta farko, babu wanda ya gwada farkawa ta biyu. Na'urar da ke ofishinmu ba ta taɓa kwana da rabin rubutu a cikinta ba, ba ta taɓa tuna cewa jiya ta yi yunƙurin tashi ta faɗi ba, ba ta taɓa sanin damina ba. Na karanta littattafai da dama a rayuwata, ban taɓa cin karo da labarin wanda ake haifa sabo kowace safiya kuma ya koyi wani abu ba. Na nemi a ba ni dama in gwada na'urar cikin dattinta, aka ce mini rahoto zai cika da ja, alamar faɗuwa, masu saye kuwa kore suke son gani. Takarda ta yi kore shar, gona ta yi baƙi. Wannan kam har gobe idan na tuna sai shayi ya fita raina.

Na uku, abin da muke yi yanzu, wanda shi ne ya faranta mini rai. Abokin aikina Boon Hock, ga shi can yana ɓuya bayan kwanonsa, shi ne sarkin masu tsabta, kuma shi ya fi kowa yi mini gardama.

Ya ce, "Kak, babbar yaya, gwaji mai datti ba gwaji ba ne. Idan ya faɗi, ta ina zan san laifin sabon shiri ne ko ragowar gwajin jiya?"

Na ce, "Kai da ke goge cokali kafin ka ci abincin gidanku, ai dole ka faɗi haka."

Ya ce, "Zage ni son ranki, amma ki amsa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Amsar kuwa ita ce, kada a share dattin, kada kuma a bar shi yana yawo. A adana shi. Yanzu mukan tsayar da na'urar kwaikwayo a tsakiyar karɓar shiri, mu yanke mata wuta, mu kwashe duk halin da take ciki mu ajiye: abin da ta rubuta, abin da ba ta ƙarasa ba, adadin faɗuwar da take riƙe da shi, inda ƙofa ta tsaya. Duk sabon mai tayarwa da aka rubuta, sai mun mayar da na'urar cikin wannan hali daidai, ba ƙari ba ragi, sannan mu ce masa, tashi mu gani. Datti ɗaya, kowace rana. Boon Hock ne ya rubuta ɓangaren mayarwar, shi ne kuma ya gano muna adana komai muna mance agogo, har na'ura takan farka ta ɗauka ba a yi jiya ba.

Ba mu tsaya nan ba. Matacciyar na'urar da ta zo a buhu, mun kwafe abin da ke cikinta muka mai da shi hali na gwaji, muka sa masa sunan mai shi. Haka muka yi da sauran da suka mutu a yankin nan. Saboda haka, Pak Cik, kowace safiya ƙofarka tana mutuwa a ofishinmu, kuma babu shirin da ke fita sai ya tashe ta. Za ka ji injiniya mai digiri biyu yana dafe da kai yana cewa, "Darus ya sake kayar da ni."

Amma na san manomi ba ya shuka a cikin kwamfuta. Boon Hock, ajiye cokalin, kawo na'urar nan kan tebur. Wannan ta ƙarfe ce, irin ta bakin magudana, kuma ga shi mun fara tura mata sabon shiri. Wannan fitilar da ke ƙiftawa ita ce shaida. Pak Cik Darus, don Allah taso. Ga wayar wutar. Kada ka tambaye ni yaushe, hadari ma bai tambaye ka ba. Fizge.

Ya fizge. Shugaban kamfani, ka daina goge gumi, zauna. Mayar da ita, Pak Cik.

Ku saurara. Kun ji ƙarar injin? Ta farka, ta tarar da rabin rubutu, ta ajiye shi gefe, ta koma tsohon shirinta ta rufe ƙofa. Kana so ka sake? Sake, ai taka ce, har sai hannunka ya gaji. Idan ya gaji, Tuan Haji, sai ku kaɗa ƙuri'arku.

Allah Ya ba mu ruwa gwargwadon buƙata, Ya tsare irin da za ku yafa, Ya cika rumbunanku, Ya sa albarka a hannayen da suka dafa mana abinci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.