Bokitin Gajere

A tasha, kan bencin jiran mota, wata dattijuwa ta ƙura wa wuyan wani sabon soja ido.

"Ɗan nan, wannan tabon na bokiti ne ko? Har yanzu manyanku suna sa sababbi hawan dutse da bokitin ruwa a kafaɗa, suna bin su da bulala?"

"Mama, ina kika san wannan?"

"Ɗana ya sha ta. Mugunta ce zalla."

"Ai yanzu babu bulala. Wani kofur ne ya sauya abin, Gajere ake ce masa. Ranar da aka miƙa masa bulala ya kora sababbi, sai ya yar da ita, ya saɓi bokiti ya shige gaba. Kunya ta sa sauran manyan suka bi sahu. Bai cika ashirin da huɗu ba ya rasu a bakin daga, Allah ya jiƙansa. Yanzu duk wanda ya kai saman dutsen sai ya juye ruwan a ka, ya ƙwala wa Gajere kira, sannan a ce ya zama soja."

"Gajere mai wushirya?"

"Haka yake a hoto. Kin san shi ne?"

"Kai ma ka kira shi?"

"Har muryata ta dishe!"

Ta kwashe da dariya, tana share ido da gefen mayafi, daidai lokacin da direban motarsu ya fara kiran fasinja.

"Ja'iri! A gida bokiti ɗaya sai na yini ina magiya kafin ya ɗebo mini. Direba, dakata! Ɗan nan, miƙe ka kira mini shi yadda kuke yi, duk tashar nan ta ji. Ni na haife shi."