Ba Zan Sa Hannu a Kan Farin Jirgi Ba

Mai girma shugaban wannan taro, Seu Firmino, wanda ya riga kowa a cikinmu shan ruwan kogin Solimões. Mai girma kansila Edmilson Tavares, da ya taso daga birni da tawagarsa. Fada Osvaldo da Fasto Jonatas, waɗanda sai yau na taɓa ganinsu a benci ɗaya. Baƙonmu mai sayar da jiragen ruwa daga birnin Manaus. Masu ƙidayar kifi, masu gadin tafki, da matan da ke feɗe kifi tun hannu na jin sanyi har ya daina ji. Jama'ar Bom Sossego maza da mata, barkanku da rana. Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Ivanilde, shugabar ƙungiyar masuntan wannan ƙauye.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga Dona Zuleide da ta cika mu da kofi da soyayyen kifi da garin rogo. Ina kuma godiya ga mai girma kansila, domin shi ya bi takardunmu ofis ofis har aka amince a saya wa ƙungiyarmu jirgi ɗaya da inji ɗaya. Na faɗi wannan godiya da zuciya ɗaya, na kuma faɗe ta da wuri, saboda abin da zai biyo baya ba zai yi masa daɗi ba.

Jama'a, ga takarda can a kan tebur tana jiran hannu biyu, na kansila da nawa. An rubuta a cikinta cewa za a saya mana farin jirgin nan na faiba da kuka gani a bakin ruwa, mai rumfa, mai kujerun soso, mai inji ƙarfin doki ɗari da hamsin. Ni kuwa abin da nake nema shi ne jirgin alminiyam mai tsawon mita shida, da inji ƙarfin doki arba'in da ake ratayawa a baya. Kada wani ya ɗauka gardamar ado muke yi. Kun san bara kifinmu ya ruɓe a hanya, kun san an aiko mana da gargaɗi a rubuce cewa idan aka sake irin wannan ɓarna za a karɓe izinin kamun babban kifin nan pirarucu a tafkin Tracajá. Shekara goma sha biyu muna gadin tafkin nan, kuma jirgin da muka zaɓa yau shi zai ce ko za mu ci gaba da riƙe shi.

Magana ta farko ita ce ruwa. Baƙonmu ya zo a watan Mayu, lokacin da kogi ya cika har yana leƙa mana ɗaki. Amma mu ba a Mayu muke kamun kifi ba. A Oktoba muke kamu, lokacin da mashigin tafki ke komawa ruwan da bai kai gwiwa ba, lokacin da akwai wurin da dole a sauka a ɗauki jirgi a kafaɗa a ƙetare tudu da shi. Jirgin alminiyam mutum shida za su ɗauke shi, mutum biyu su rataya injinsa a sanda su bi bayansu. Jiya na tambayi baƙonmu, na ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne nauyin farin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Dona Ivanilde, wannan ai ba ɗaukarsa ake yi ba, shi ke ɗaukar mutum." Sai Seu Anacleto, tsohon da ya koya wa rabinmu ƙidayar kifi, ya cire hularsa ya sosa kai ya ce, "To ɗana, a Oktoba wa zai ɗauki wa?"

Magana ta biyu ita ce jikin jirgin. Kogin nan cike yake da gungume a ƙarƙashin ruwa, babu wanda ya taɓa tuƙi a nan bai yi karo da ɗaya ba. Alminiyam idan ya bugu lotsawa yake yi, a sa guduma a miƙe shi a ci gaba da tafiya. Faiba tsagewa yake yi, a zauna jiran kayan faci daga birni. Kuma a rubuta mini a takarda cewa na walda nake so, ba wanda aka haɗa da ƙusoshi ba, domin duk wanda ya taɓa jan jirgi a kan yashi ya san ta bakin ƙusa ruwa ke fara shiga.

Magana ta uku ita ce inji. Makanikinmu ɗaya ne, Dorival, ga shi can ya sunkuyar da kai kamar bai san da zancen ba. Na kai shi ya duba babban injin, ya buɗe murfi, ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Yaya Ivanilde, ni sifana na sani da sukudireba. Wannan in ya yi tari sai an ɗauko masa likita da kwamfuta daga Manaus, ni dai kada a kira ni." Mai doki arba'in kuwa, Dorival zai kwance shi da safe ya ɗaura kafin abincin rana. Fulogi da farfelarsa suna nan a kowane shago a bakin kasuwa. Ƙafarsa gajera ce, ba ta tonon laka, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaga ta idan ruwa ya ƙare.

Na ji abin da ake faɗa a bayana, tunda ƙauyen namu ba shi da girman da magana za ta ɓuya. An ce maƙwabtanmu mutanen Vila Nova za su yi mana dariya, su ce an ba mu dama mun sayo gwangwani. Su yi dariyarsu, ba su ke da tafki ba. An ce macen da ta girma tana feɗe kifi me ta sani game da inji. Gaskiya ne, ban san sunan kowane ƙarfe da ke cikinsa ba. Amma na san zurfin mashigin Tracajá a ƙafata, wata bayan wata, shekara talatin.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Bara, da wani ɗan kasuwa ya ce zai ara mana babban jirginsa mu kwaso kifi a sahu ɗaya, Seu Anacleto ya ja ni gefe ya ce, "Ɗiyata, kada ki yarda, ba zai wuce mashigin tafki ba." Na san ba zai wuce ba. Amma shi da mutanensa sun zo da takalma masu sheƙi da magana mai daɗi, na ji kunyar in ce musu a'a, na ji tsoron a ce baƙauyiya ce. Ni ce na ce to. Jirgin ya kafe a laka da hantsi. Muka shiga taɓo har ƙirji muna turawa, maza da mata, ƙanƙarar da muka zuba wa kifi tana narkewa muna kallo, ungulaye suna taruwa a kan itatuwa. Kifi ashirin da uku muka binne ran nan, kowanne ya fi Seu Firmino tsawo. Babu wanda ya zage ni a cikinku, babu wanda ya ko harare ni, kuma wannan shirun naku ya fi zagi yi mini ciwo.

Saboda haka, mai girma kansila, da dukkan girman da nake ba ka, ba zan sa hannu a kan farin jirgi ba. Ba zan sa yau ba, ba zan sa gobe ba, ba zan sa ba ko an ce tallafin zai koma inda ya fito. Jama'a, dokar ƙungiyarmu ta ba ku ikon cire ni da ɗaga hannu, kuma ga ku nan a cike. Idan kuna son farin jirgi, ku ɗaga hannu yanzu, zan sauka ba tare da riƙon kowa a zuciya ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo: wanda zai ɗauki alƙalamin nan a madadina ya zama cikin waɗanda za su shiga taɓo tare da mu a Oktoba.

Allah ya tsare mana tafkinmu da kifin da ke cikinsa. Allah ya tsare masu fita kan ruwa ya dawo da su ga iyalansu. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya, ba tare da fushi ba. Allah ya ba kowa a wannan taro ƙarfin cewa a'a a ranar da ya kamata ya ce.

Na gode.