Simintin da Na Fasa a Legas

Tumaki biyu Inna ta sayar a Miri ta haɗa min kuɗin mota zuwa Legas, inda na sami aiki a jami'a. Ta tambayi abin da zan koyar a jami'ar, na ce tsara filaye da hanyoyin ruwa a birni. Ta ce, "Au, aikin lambu." Har gobe haka take gaya wa mutane.

Ku da kuke ajina yanzu gani kuke kamar da Dakta aka haife ni. A Legas ƙaramin malami ne ni, na gwajin shekara guda. Farfesan sashenmu ya ce sai ya ga aikina a ƙasa, ba a takarda ba, kafin ya sa hannu a tabbatar da ni. Can fa ba a cewa kwata, sai "gota", kuma kowa "oga" ne, har mai gadi.

Gidan da na kama haya tsakar gidansa siminti ne, duk damina ruwa ke kwanciya. Ni kuwa ɗan Bauchi, na saba ƙasa ta shanye ruwa kafin ka ajiye bokiti. Na sami mai gidan, wani tsoho mafaɗaci mai Hausar kasuwar shanu.

"Baba, a fasa simintin nan, a zuba tsakuwa, a dasa ciyawa. Ƙasa za ta sha."

"Kai injiniya ne?"

"Na fi injiniya."

"In ya ɓaci, ka kwashe kayanka."

Na fasa. Ban haƙa ko kamu ɗaya na duba ba. Ashe a wannan unguwa, ruwa kwance yake a ƙarƙashi, ƙasar ta ƙoshi tun ba a haife ni ba. Da aka yi ruwa mai ƙarfi, na sama ya sauko, na ƙasa ya taso, suka haɗu a ɗakin matar mai gida.

Ranar kuma farfesa ya zo gidan duba aikin da na yi. Ya tsaya bakin ƙofa da takalmi a hannu, mai gida na zagina da harsuna uku.

"Malam, ka gwada ƙasar?"

"A'a, oga."

"To."

Bai sa hannu a takardata ba. Na ji kunya ba kaɗan ba. Na dawo Bauchi da jiƙaƙƙiyar katifa, na yi shekara uku ina koyarwa a sakandare kafin na sami gurbi a jami'a, a nan Yelwa.

Shi ya sa yau na hana ku taɓa fensir. Ga diga can, ga bokiti. Ku tashi.