A Gidansu Ba a Yanke Igiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban ƙungiyarmu Alhaji Ja'afar, Malam liman, dattawanmu na Al-Sadd da Al-Muntazah, likitoci da injiniyoyi, 'yan'uwanmu direbobi da masu gadi da suka taso daga Mu'aither. Yaya Tanko, wan marigayi, da ya yi doguwar tafiya daga Yauri. Hajiya Rukayatu, matar marigayi, da yara. Sannunku da haƙuri, sannunmu da rashi.

An ce ni Badaruddeen in yi magana saboda ina cikin jirgin ruwan a ranar. Wallahi na so a zaɓi wani.

Injiniya Abdul-Razak ya kasance namu gaba ɗaya. Ya kasance mai faɗa, kar mu yi masa ƙarya don ba ya nan, amma faɗan ba ya kwana. Ya kasance wanda ake bugawa waya idan ɗayanmu ya rasu a ƙasar nan. Shi ke zuwa wajen kafil, wato ubangidan da ya ɗauko mamacin aiki, shi ke zirga-zirga a asibiti, shi ke tsayawa a filin jirgi har sai ya ga an ɗora akwati. Yakan ce, "Uwa ba ta haƙura sai ta ga inda aka sa ɗanta." Daga bakinsa muka ji wannan magana, ba sau ɗaya ba.

Ya kasance masunci ɗan masunta. Karatu ya kawo shi aikin gas, amma ranar Asabar ba mai ganinsa a tudu. A gida giwan ruwa yake kamawa, da ya zo nan sai ya koma wa hamur, wannan kifi mai ɓoyewa cikin duwatsun ƙasan teku. Ba ya sa tsutsa, ba ya sa nama. Kifin roba yake ɗaurawa, mai gaɓoɓi, da ƙugiya a cikinsa. Sai ya sake shi ya nutsa can ƙasa, ya riƙa jawo shi a hankali har ya yi iyo kamar mai rai. Mu ne masu tsokana: "Injiniya, kifi ma sai ka yaudare shi?" Ya ce, "Ku dai ku kawo faranti." Masu gadin Mu'aither, ku ne shaida, rabonku ake fara cirewa.

A wannan Asabar mun fita da safe daga Al-Wakra, ni da shi da Abdul-Majeed mai tuƙa mu. Muka yi nisa, inda ruwa ya koma shuɗi mai duhu. Hamur ya kama, ya ja kifin robar ya shige da shi cikin dutse. Igiya ta ƙi motsi.

Abdul-Majeed ya ce, "Khalas, Injiniya, yanke ta. Yalla mu matsa gaba."

Ya yi dariya. Ya ce, "A gidanmu ba a yanke igiya a bar ƙugiya a ruwa. Baba zai tashi daga kabari ya mare ni."

Yaya Tanko, kai ka san wannan tarbiyya, da ita aka rene ku. A Yauri in ƙugiya ta maƙale, masunci yakan bi igiya da hannu ya nutsa ya kwance ta. Sai dai kogi yana da gaɓa biyu, kuma kun san ƙasansa tun kuna yara. Teku ba ta san gidan kowa ba. Muka riƙe masa hannu, ya zame, ya cire rigar kariya don ba ta barin mutum ya nutsa, ya faɗa.

Muna tsaye muna kallon igiya. Can sai ta saki. Na jawo, na jawo, sai ga kifin robar ya taso yana iyo, ko ƙwarzane babu. Ya kwance shi, jama'a. Aikin da ya shiga yi ya gama shi. Shi ne bai taso ba.

An nema, an sake nema, yanzu an daina. Mun yi masa salla babu gawa a gabanmu. Hajiya Rukayatu, kullum kina tambayata ko an ji wani labari. Ba zan yaudare ki ba, babu, kuma ba na jin za a ji. Mutumin da ya raka gawar kowa, mun rasa tasa da za mu raka. Wannan abu yana cin raina, ban san ranar da zai daina ba.

Yaya Tanko ya gaya mini Inna, mahaifiyarsu, ta ƙi karɓar gaisuwa. Ta ce ɗanta ba ya ɓata a ruwa, a koma a duba da kyau. Ya tambaye ni, "Ƙanina, me zan kai mata?" Ga kifin robar nan, Yaya. Shi kaɗai teku ta mayar mana.

Mun gode wa duk wanda ya fita nema, da wanda ya kawo abinci, da wanda ya zauna da yara.

Ya Allah, mu ba mu san inda yake ba, Kai Ka sani. Ka gafarta masa, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka raya abin da ya bari. Ka sanyaya zuciyar Inna, don mu ba mu da kabarin da za mu nuna mata. Amin.