Rufin Motar Baba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu, iyayenmu direbobi da makanikai, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku da girmamawa. Na gode da kuka ba yarinya kamata dama. Idan muryata ta yi rawa ku yi haƙuri, a gida ma sai an ce in ƙara murya.

Magana ta farko, tambaya ce ta kawo ni nan. Babana direban haya ne. Ƙofar garejinmu gajeriya ce, eriyar motarsa kuwa doguwa, kullum sai sun yi karo. Rannan ya gaji, ya sa filaya ya datse rabinta. Motar ta shige lafiya, amma tashoshin nesa suka ɓace, har da wadda yake jin labarin hanya a cikinta.

Na ce, "Baba, ina muryoyin suka tafi?"

Ya ce, "Tambayi ƙofar, Sarkin Tambaya."

Magana ta biyu. Matambayi ba ya ɓata, sai na je wurin kawuna mai gyaran rediyo. Ya ce kowace tasha da tsawon eriyar da ya dace da ita, kamar ƙafa da takalmi. Na ce, to ina takalmin da zai shiga ƙafar kowa a gida? Ya yi dariya ya ce, "Idan an hana ki tsawo, nemi faɗi." Na yanka gwangwanin madara, na buɗe shi kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Na ɓata gwangwanaye da yawa, har Inna ta ɓoye almakashinta. Wannan eriyar gwangwanin da ke hannuna ta kamo tashoshin da suka gudu.

Magana ta uku ita ce abin da ban sani ba. A kan teburin kawu tana ji rangadadau. Na ɗora ta kan murfin tukunya, sai sautin ya canza. Kawu ya ce ƙarfen da ke ƙarƙashinta ma yana cikin aikin. To yaya za ta yi a rufin mota? Yaya za ta yi a guje, yaya a ruwan sama? Gani ya kori ji, amma gwajin sai an huda rufin, hudar da ba ta fi ƙwayar wake ba. Baba ya ce, "Motar da nake ci da ku da ita za ki huda? Bayan raina!" Idan ban gwada ba, gwangwani ne kawai na yanka.

Don haka nake roƙo, iyayena, ko akwai mai tsohuwar mota a cikinku da zai ara mini rufi?

Alhamdulillahi, ga hannu uku a sama. Baba, kai ma? Wai ya ce 'yarsa ba za ta huda motar wani yana zaune ba. Jama'a, ku ne shaida!

Allah ya kare direbobinmu a hanya, ya saka wa malamanmu, ya mai da kowa gida lafiya, ya kuma sa kada rufin nan ya yi yoyo.

Na gode.