A Turo Nas Mace Asibitin Katuru

Salamu alaikum mai gabatar da shirin wasiƙu. Shugaban malaman jinya na sabuwar jiharmu ke magana, a saurara!

Mun tura Sista Hauwa, nas mace ɗaya tilo a asibitin Katuru, kwas ɗin bincike don ta zama shugaba. Madalla. Amma namiji aka kawo a madadinta. Ga wata tsohuwa ƙafarta ta kumbura har cinya, ta rantse namiji ba zai duba ta ba. Na ba da umarni a turo mace yau!

To, Malam, ba ni da ofis. Ni Iro mai facin taya ne, da ajami ma na rubuto. An san ni da tsokana, amma wallahi tsohuwar nan Innata ce, ta daina takawa. Wa zan roƙa?