Gaisuwar Mai Gado na Bakin Taga

Auta: Salamu alaikum, Baba. Kana ji na?

Baba: Wa alaikumus salam. Auta ce? Yau an tuna da tsoho!

Auta: Ina wuni, Baba? Ya ƙafar?

Baba: Da sauƙi. Ya aikin asibitin? Ya maigidan naki?

Auta: Duk lafiya. Ina Mama?

Baba: Ga ta nan, faɗa muke. Wai za a yi wa falo fenti, sai na cire taswirata ta harsunan duniya. Taswirar da na yi ritaya da ita!

Auta: To, Baba, a kanta ma na kira.

Baba: Ke ma an sayo ki ke nan?

Auta: A'a wallahi, saurara. Akwai wani dattijo a ɗakinmu na asibiti, a gadon bakin taga, ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ciwo ya kayar da shi, jirgin ya tafi da takardunsa. Likita na son yi masa aiki yau, amma sai ya amince, kuma ba mai jin abin da yake faɗa. Yanzu ya daina magana ma, bango kawai yake kallo.

Baba: Subhanallahi! Ba ku da tafinta?

Auta: An kawo mai jin Hindi, tunda ya yi kama da mutanen Indiya. Ko gezau.

Baba: Kin ji irinta! Sau nawa na gaya muku Indiya ba baki ɗaya gare ta ba? Ina koya muku kuna gyangyaɗi.

Auta: Baba, katina ya kusa ƙarewa. Gaisuwar nan taka ta harsuna, wadda kake tare baƙi da ita a ƙofar gida…

Baba: Wadda kuke ɓuya a bayan labule don kunya?

Auta: Ita. Zan sa wayar a kunnensa, ka jero masa.

Baba: Hajiya, rage rediyon nan, ana aiki! To, kin sa?

Auta: Na buɗe murya, duk muna ji. Bismillah.

Baba: Nomoshkar! Wannan na Bangali ne.

Auta: Shiru.

Baba: Salamat pagi!

Auta: Me ka ce? Layin na yankewa.

Baba: Ba da ke nake ba, na mutanen tsibirai ne. Ya motsa?

Auta: Ko ƙifta ido.

Baba: To, mu koma kudu da Indiya. Ayubowan!

Auta: Tsaya, tsaya! Ya juyo. Yana kallon wayar, amma bai amsa ba.

Baba: Madalla! Ya san ta amma ba tasa ba ce, ta maƙwabta ce. Mun iso unguwarsu. Matsar da wayar. Wanakkam!

Auta: Baba! Ya amsa! Ya haɗa tafin hannunsa, yana ta maimaitawa!

Baba: Tamil ne! Ki ce a nemo mai jin Tamil. Kudancin Indiya ko tsibirin da ke ƙarƙashinta, inda na shafa ruwan goro a taswira.

Auta: Kana jin sa? Ya riƙe min hannu, sai zuba yake, hawaye har kan filo.

Baba: Ina ji. Wanakkam, ɗan'uwa, wanakkam. Iyakar abin da na iya ke nan, wallahi, amma ina jin ka.

Auta: Baba, saura ɗaya. Aikin da haɗari, shugabarmu na tambaya wa za a kira masa ya yi addu'a. Tunda Tamil ne, in ce Hindu?

Baba: Kul! Kar ki soma. Yawancinsu haka ne, amma akwai Musulmi, akwai Kirista. Taswira ta kai ki ƙofar gidansa, sauran sai ki yi sallama ki tambaye shi da bakinsa.

Auta: To, tafinta na zuwa, abin da za a fara tambayarsa ke nan. Ga likita nan ma ya shigo, yana tambayar wa ke kan waya.

Baba: Ki ce malamin labarin ƙasa ne. Ki faɗa da ƙarfi.

Auta: Na ce masa babana ne. Baba, mun yi ta yi maka dariya, ashe… Kar ka bari a cire taswirar nan.

Baba: Me kika ce? Layin ba kyau.

Auta: Ka ji ni sarai!

Baba: Ni na ji, mamanki ce ba ta ji ba. Hajiya, bar tsintsiyar nan ki zo! Yauwa, ga ta. Maimaita, Auta.

Auta: Mama, na ce taswirar Baba…

Baba: Ehen, taswirar Baba me? Auta? Auta! Kash, katin. Kar ki min wannan kallon, Hajiya, ta faɗa. Mai fenti ya zagaye ta.